SU MATAN MALAM SHAIHU FA? Sharhi a Kan Son Haihuwa Cikin Jiki Magayi

Duk ɗalibin da aka tambaya jigon Jiki Magayi, littafin nan na John Tafida da Dokta R. M. East wanda aka buga a Zariya cikin shekarun 1930, amsar da zai bayar ita ce ramuwar gayya. Ni ma haka na sha rubutawa a jarrabawa, ba a kuwa taɓa kayar da ni ba. To amma a wannan ɗan sharhi nufina shi ne in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu ga abin da ya kunna wutar tun da fari, wato son haihuwa, da yadda marubutan suka dube shi ta fuska ɗaya tak.

Ga wanda ya manta labarin, Malam Shaihu attajiri ne mai mata, amma ba shi da ɗa. Neman haihuwa ya sa ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Zainabu da saurayinta Abubakar. Ya sami ɗan, ana yi masa laƙabi da Kyauta. Abubakar kuwa ya shiga duniya neman asirin da zai lalata yaron, Kyauta ya tashi ɓarawo, daga bisani ajalin ubansa ya zo ta hannunsa.

Wani hutu da na koma gida Gwaram na karanta wa goggona littafin, dare uku muna yi. Ita dai ba ta yi boko ba. Da muka kai ƙarshe sai ta ce, "To ɗan nan, su matan da ya tarar da Zainabu da su fa, ba su son haihuwar ne? Kuma mata duk sun zauna da mutum ba wadda ta ko yi ɓari, wa ya ce laifinsu ne?" Na rasa amsa, domin littafin bai ba ni ita ba.

A ganina nan ne raunin littafin yake. Dalilin son haihuwa guda ɗaya aka nuna mana, na mai dukiya da ke tsoron ya mutu ba magaji. Haka ma Abubakar Imam ya buɗe Magana Jari Ce da sarkin da ke neman ɗa namiji saboda gadon sarauta. Wato a wajen marubutanmu na farko, rashin haihuwa damuwa ce ta mai abin da za a gada. Alhali kuwa mafi yawan masu ɗokin 'ya'ya a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu ba su da rumbun kuɗi. Manomi yana son 'ya'ya ne don gandu, domin gero da dawa da gyaɗa ba sa jiran mai hannu biyu idan damina ta kankama, kuma ba shi da fansho ran tsufa sai abin da ya haifa.

Na mace kuwa ya fi wannan zurfi, shi ne kuma marubutan suka tsallake. Idan miji ya rasu ya bar ɗa, tumunin dukiyarsa kaɗai matansa za su raba, ko su huɗu ne. Saboda haka wadda ba ta haihu a gidan ba, da ta fita takaba sai ta naɗe tabarmarta, mai 'ya'ya kuwa ta zauna cikin rabon 'ya'yanta. Wannan lissafi kowace mace ta san shi ko ba ta taɓa zama gaban alƙali ba, shi ne kuma ke sa kishiyoyi yin tseren haihuwa, ko da jiki ya gaji. Ga gorin dangin miji, ga kalmar juya da ake jifan mace da ita, wadda ban taɓa jin an jefi namiji da irinta ba. Ashe ranar sunan Kyauta akwai matan da aka yi wa mutuwar tsaye a gidan nan, amma ba a shigar da mu ɗakunansu ba.

Sai kuma mutuwar yara. Sunaye irin su Ajuji da Barmani da ake sa wa 'ya'yan mai wabi shaida ne cewa iyaye na haihuwa da fargabar ba duka za su tsaya ba. Binciken lafiya na ƙasa na 1990 zuwa yau duk yana nuna yawan haihuwa a Arewa, na 2018 ma ya nuna macen Jigawa takan haifi kimanin 7, a lokacin da na ƙasa baki ɗaya yake 5.3. Wanda bai san wabi da gandu da rabon gado ba, zai ɗauka rashin wayewa ne kawai.

Kada a ce na yi wa littafin rashin adalci. Akwai abin da ya gani sarai: ba wanda ya so Kyauta don kansa. Ubansa ya neme shi don ya tsare dukiya, Abubakar ya mai da shi makamin huce haushi, Zainabu kuwa hanya ce kawai da aka bi aka same shi. Wannan ya sa nake ganin asirin da aka jingina lalacewar yaron a kansa ya rage wa labarin ƙarfi. Ɗan da aka daɗe ana jira, aka shagwaɓa shi, ba ya bukatar boka kafin ya kangare, kowa ya san irinsa a unguwarsu.

Sai a 1990, da Balaraba Ramat Yakubu ta kawo Rabi mai 'ya'ya tara wadda miji ya kora saboda amarya, aka fara jin zancen daga cikin ɗaki. Can ma an nuna cewa yawan 'ya'yan bai hana a kore ta ba. Wannan littafi ban karanta wa goggo shi ba tukuna, sai hutu mai zuwa in Allah ya kai mu.