Jinjina ga Maginan Ƙasa na Daura

A garin Poissy, kusa da Paris, akwai wani farin gida da masanin gini Le Corbusier ya kammala a 1931, Villa Savoye. Masana gini na duniya suna tururuwa zuwa kallon shimfiɗaɗɗen rufinsa, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi a 2016. Amma masu gidan sun sha fama da yoyo duk lokacin da aka yi ruwa.

Maginan Daura kuwa sun daɗe da sanin sirrin soro. Su cuɗa jar ƙasa da ciyawa, su mulmula tubali da hannu, rana ta gasa. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ita ake lanƙwasa bakan gizo da ita, a ɗaure rufin zaure ba ƙarfe ba siminti. Sai a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, a saka indararo ya tofar da ruwa nesa da bango, zanko ya miƙe a kusurwa. Shiga irin wannan zaure da azahar a watan Afrilu, ka ji sanyin da kwano ba zai taɓa ba ka ba.

Gaskiya ne soro yana son yaɓe kafin kowace damina, shi ya sa jama'a suka koma bulo. Duk da haka, a tsofaffin unguwannin da ke kewaye da fada da rijiyar Kusugu, aikin hannun maginan yana tsaye. Sannunku da aiki, magina, Allah ya ƙara wa hannu albarka.