Hol a Jalingo, Kambi a Ka: Wai Bikin Nan Na Wa Ne?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, jama'ar unguwa, a wannan fitowar ina so in yi tsokaci kan abubuwa biyu da suka shigo mana harkar aure a 'yan shekarun nan: kama hol a Jalingo don yin dina, da kuma irin kayan da ake ɗora wa amarya a ka. Wani zai ce me ya haɗa ɗakin taro da gashi? To ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukansu biyu mai ɗaukar hoto ake dubawa wajen zaɓensu. Dangi da maƙwabta, har da ita kanta amaryar, sai daga baya ake tunawa da su.

Mu fara da wurin taro. Yadda ake yi yanzu kowa ya sani. A ɗaura aure da hantsi a masallaci nan Iware, a raba goro da alawa, da la'asar sakaliya kuma sai ka ga motoci sun jeru an nufi Jalingo. A bakin hol akwai masu gadi, ba kati ba shiga. To ku duba waɗanda aka bari a gida. Akwai kakar amarya da ƙafa ba ta barinta hawa mota. Akwai goggon da ta yi mata wankan jego tana jaririya. Akwai maƙwabciyar da ta kwana uku a gaban murhu tana suyar cincin da dubulan. Akwai almajiran da suka yi ta jido ruwa tun ranar sa lalle. Wahalar biki tasu ce, cin abincin kuma na abokan ango da ƙawayen amarya masu anko. Alhali a cikin Bukhari da Muslim, ta hanyar Abu Huraira, an siffanta abincin walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa da cewa shi ne mafi sharrin abinci. Katin nan da ake nunawa a ƙofa, in ba wannan aikin yake yi ba, wane aiki yake yi?

Sai lissafi, don ni ɗan kasuwa ne, da lissafi nake kwana. Kuɗin hol daban, na masu ƙawata wuri daban. Ga dije, ga emsi, ga mai hoto da bidiyo, ga abinci a ƙirga faranti-faranti, ga man janareto, ga hayar motoci zuwa da dawowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanne ne a cikin waɗannan bai tashi ba? Uba ya ja sa ya kai kara ya sayar, kuɗin su ƙare cikin awa huɗu. Bayan sati biyu sai ka gan shi a bakin shago yana neman a rubuta masa shinkafa da mai na gara. Mu masu riƙe littafin bashi mun san gidajen da dina ta shiga, ko ba a gayyace mu ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Ga kuma hanya. A tashi taro ƙarfe sha ɗayan dare, a cusa 'yan mata cikin motoci, samari da jinin biki a jika su kama tsere a kan titin da manyan motoci ke bi dare da rana. Dangin da suka taso daga Wukari da Ibi, waɗanda suka ga tasku a mashigar Namnai bayan karyewar gada a daminar 2024, su iso Iware a gajiye, sai kuma a ce musu biki yana gaba.

Ban ce masu kama hol ba su da hujja ko kaɗan ba. Da damina ruwa yana iya watsa taro. Wasu gidajen sun matse, tare hanya da rumfa kuwa cutar da masu wucewa ne, addini bai yarda da shi ba. Duk wannan gaskiya ne. Saboda haka kafin a ba da kafin alƙalami a ko'ina, a tambayi kai: tsohuwa za ta iya zuwa? Akwai ruwan alwala da wurin salla? Za a iya raba maza da mata? Za a tashi kafin dare ya yi nisa? Wanda ba shi da kati zai samu loma? Za a biya ba tare da cin bashi ba? Wurin da ya ci wannan jarrabawa, ko hol ne, madalla. Amma in an yi adalci, farfajiyar Islamiyya ko filin firamare, da rumfuna da tabarmi da kujerun roba, sun fi saurin cinye ta.

Kada mu manta yadda magabata suka yi. Walimar Nana Safiyya a kan hanya aka yi ta, a dawowa daga Khaibara a shekara ta 7 bayan hijira. Aka shimfiɗa ƙirage, aka kawo dabino da cuku da man shanu, jama'a suka ci. Abdurrahman ɗan Aufu kuwa, wanda ya zama hamshaƙin attajiri a Madina, da ya yi aure umarnin da aka yi masa shi ne ya yi walima ko da da akuya guda. Mu da muke zaune a garin kara, akuya ce za ta gagare mu?

Yanzu mu zo ga kai. Iyayenmu mata, ku yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amaryar yanzu tun hantsi take zama gaban mai kwalliya. A ja gashinta a tamke, a ɗinka gashin doki ko a kafa hular gashi da gam tun daga goshi, a soka fil-fil, sannan a ɗora kambi mai ƙyalli na haya, ko gwaggwaron da aka naɗe tamau har kunne ya yi ja. Da an gama, doka ɗaya ce: kada ruwa ya taɓa. Azahar ta wuce, la'asar ta bi ta, magariba ta same su a mota. Yarinyar da muka yi wa saukar Alƙur'ani a Islamiyya, ranar da ta fi kowace rana bukatar albarka, ita ce ranar da za ta tara salloli. A mazhabarmu ta Malikiyya shafar kai gaba ɗaya farilla ce a alwala. To a shafi me, gam ko roba?

Maganar ƙarin gashi kuwa ba sabuwa ba ce, kuma abin mamaki a kan amarya ta taso. Nana Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito cewa wata mata ta zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta ce 'yarta amarya ce, ciwo ya zubar mata da gashi, ko ta ƙara mata? Bai ba ta izini ba, ya ma ambaci tsinuwa a kan mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. Wannan fa mai lalura ke nan. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure ya wuce ta wurin da aka hana mata wannan aiki. Malamai sun yi saɓani a kan zare da ulu: wasu sun sauƙaƙa, Malikawa sun tsananta. Amma ribom da zaren alharini mai launi, wanda kowa ya gani ya san ado ne ba gashi ba, Alƙali Iyal ya bayyana cewa bai shiga hanin ba.

Ashe ke nan ƙofar ado a buɗe take. Zinariya da azurfa halal ne ga mace. Ga shuku, ga zane, ga kalaba, ga lalle, ga turare a cikin ɗakinta. Ku dubi matan Fulani da ke shigo mana ranar kasuwa, da kitsonsu da duwatsu da azurfa a jiki, gashinsu ne na kansu, kuma ba wanda zai ce ba su yi kyau ba. Shi kansa kambin, in a taron mata zalla ne, ban ga laifinsa ba. Inda matsala take shi ne a yaye mayafi don a nuna shi a gaban abokan ango, a ɗauka a waya, kafin asuba ya zaga Facebook da TikTok. Awo dai ɗaya ne mai sauƙi: abin da amarya za ta iya cirewa da hannunta ta yi alwala ta mayar, a saya mata. Wanda sai an kira mai kwalliya da almakashi, a bar shi a shago. Ko ta fuskar lafiya, yawan ja da gam suna cinye gashin gaban goshi, wani ma ba ya sake tsirowa. Dina ta dare ɗaya ce, sanƙo kuwa da shi za a zauna gidan miji.

A ƙarshe, laifin ba na yara ba ne su kaɗai. Yarinya 'yar shekara sha tara abin da ta gani a waya shi take so, mu ne muke sa hannu a aljihu. Ina kira ga iyaye maza, ranar da ake sa rana a yi maganar wurin walima a gaban waliyyai, kada a bari sai abokan ango sun riga sun biya. Iyaye mata kuma ku raka 'ya'yanku wurin mai kwalliya, ku faɗa mata da bakinku cewa wannan amaryar mai salla ce. Ku kuma angwaye, kuɗin hol ɗin nan ku zuba su a jari ko ku cika rumbu, don aure bayan an watse yake farawa.

Allah Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.