Aikin Rawa A Cikin Wasan Kwaikwayo

Wata rana cikin watan azumi, bayan an sha ruwa, ina zaune a ƙofar gida a Rafin Guza, sai ga wasu yara 'yan tashe. Ɗayansu bai fi shekara goma ba, an manna masa gemun auduga, ya sa tsohuwar riga, ya riƙe sanda. Wasan nan ne da a ke kira Tsoho da Gemu. Tun bai buɗe baki ba kowa ya san tsoho ne, gama ya ranƙwafa, gwiwa na kaɗawa, in ya ɗaga ƙafa sai ya dakata kamar mai shawara da ita kafin ya sauke. Da amshin 'yan'uwansa ya yi zafi sai ya manta da tsufa ya cashe, can kuma ya kama ƙugu ya yi ta tari. Muka yi dariya har da hawaye. Ni kuwa na ce a raina, yaron nan ya ba mu labarin tsoho mai kwaɗayin ƙuruciya tun daga farko har ƙarshe, da ƙafa da ƙugu kaɗai. Abin da zan auna rawar wasanninmu da shi ke nan a wannan magana.

Sai mu fara da bayani, don kada mai karatu ya ruɗe. Rawar dandali daban, rawar wasan kwaikwayo daban. A dandali kowa ya ji kiɗa ya motsa shi sai ya shiga, ya fita sa'ad da ya ga dama. A wasan kwaikwayo kuwa akwai mutum guda wanda aikinsa shi ne tsara rawa. Shi zai ce wane ya shigo ta dama, wance ta tsaya a tsakiya, a yi taku kaza a juya, a durƙusa daidai lokacin da ganga ta yanke. Turawa sun mai da wannan sana'a ce mai zaman kanta, har a kan rubuta sunan mai ita kusa da na wanda ya rubuta wasan.

Amma kada a zaci su ma da iyawarsu a ka haife su. Suna da wani irin wasa da su ke kira opera, wanda a ke rera maganarsa da waƙa. A babban gidan opera na birnin Paris, a zamanin da al'ada ce a sa rawa a kashi na biyu na wasa, ko labari ya nema ko bai nema ba. Dalili kuwa shi ne waɗansu 'ya'yan masu hali ba su zuwa sai sun gama cin abincin dare, kuma 'yan matan rawa su ke zuwa kallo. A 1861 wani Bajamushe, Wagner, ya kawo wasansa mai suna Tannhäuser, ya sa rawar a farkon wasa inda ya ga ta dace. Mutanen nan su ka zo su ka tarar an wuce wurin, su ka yi ta busa usur da ihu, har a ka janye wasan bayan an nuna shi sau 3 kacal. Kun ga ashe ciwon nan na cusa rawa don faranta wa mai kuɗi rai tsoho ne, kuma ba a Kano a ka fara shi ba.

Gyara ya zo musu a hankali. A 1943 a birnin New York na Amurka a ka yi wani wasa mai suna Oklahoma, wata mace, Agnes de Mille, ta tsara rawarsa. Yarinyar wasan maza biyu ke nemanta, tana son ɗaya, tana tsoron ɗaya. Maimakon a sa ta tsaya ta faɗi wannan da baki, sai a ka sa ta yi barci ta yi mafarki, a ka nuna mafarkin da rawa, masu kallo su ka ga tsoron da ke zuciyarta ƙuru-ƙuru. A 1957 kuma Jerome Robbins ya tsara West Side Story, labarin ƙungiyoyi biyu na samarin unguwa masu gaba da juna. Wasan ya buɗe da rawa, kuma kafin a yi wata doguwar magana mai kallo ya riga ya san wa ke da titi, wa ya zo ƙwace. In a ka cire rawar nan labarin ya gurgunce. Ga ma'auni ke nan mai sauƙi wanda kowa zai iya riƙewa: cire rawar ka gani, in labari bai yi rashin kome ba, to, kaya ce a ka ɗora masa.

To, mu komo gida. Wasannin da a ka rubuta da Hausa tun farko, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi, wasannin baki ne, ƙarfinsu a zance ya ke, rawa ba ta da wani gurbi a ciki. Rawar da a ka zauna a ka tsara don dandamali, wadda ta fi suna a ƙasar nan, ita ce Koroso ta Jihar Kano. An haɗa ta a 1972, shekarar da a ka yi bikin nuna al'adun gargajiya na ƙasa a nan Kaduna, daga taku iri iri na Hausawa da Filani, da sarewa, da kacau-kacau a ƙafafun masu rawa. Duk wanda ya ga Koroso ya san akwai hannun gwani a ciki. Masu rawa biyu biyu su ke, wannan ya ɗauki wancan, a lanƙwasa, a wuntsila, ƙarar ƙafa ba ta saɓa wa kiɗa ko da taku ɗaya. Na yaba mata ƙwarai. Abin da na ke ƙorafi a kai shi ne, an tsaya a nan. Koroso gwaninta ta ke nunawa, ba ta da labari, kuma a iyakar abin da na gani an mai da ita abin tarbar baƙi, a yi minti goma gaban manya a tafa a watse. Mutanen da su ka iya wannan, da an ba su labarin Bayajida ko na Sarauniya Amina, lalle da sun taka shi.

Inda rawa da labari su ka haɗu sosai a wurinmu shi ne finafinan Hausa, kuma nan ne maganar ta fi ciwo. Tun zamanin da gidajen siliman Kano da Kaduna da Jos ke nuna finafinan Indiya, mutanenmu su ka saba da ganin saurayi da budurwa suna waƙa suna zagaya itace. Da a ka fara namu, daga Turmin Danya a 1990, ba a daɗe ba a ka ɗauko wannan. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya yi kasuwa ƙwarai, waƙarsa da rawarsa su ka ja masu saye, daga nan sai kowa ya ce shi ma a sa masa. Na sha ganin fim inda a ke tsakiyar rigimar gado, ko an kai uwa asibiti, sai kawai a yanke, ga yaro da yarinya a lambu sun sake tufafi sau huɗu, bayansu 'yan amshi a jere suna kaɗa kafaɗa. In an gama a komo asibiti, uwa tana nan inda a ka bar ta. Kwatanta wannan da yaron tashe, ka ga wanda ya san aikinsa.

Ba na cewa Indiyawa sun yi laifi. Su a wurinsu rawa tana da tushe, motsin yatsa da na ido duk suna da ma'ana wadda mai kallonsu ya sani tun yana yaro. Mu mun ari rigar ne ba mu tambayi yadda a ke sa ta ba.

Sa'ad da Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, rawar maza da mata tare tana cikin abin da a ka fi sa wa ido, kuma tun daga lokacin a ke ta ja-in-ja. Waɗansu sun ce a kawar da rawa ɗungum, masu fim kuwa sun ce in babu ita ba mai saye. Iyaye suna da gaskiya da su ke kishin tarbiyyar 'ya'yansu, ban musa ba. Amma ina ganin duka ɓangarorin biyu sun ɗauka rawa iri ɗaya ce tak, watau ta saurayi da budurwa. Alhali kuwa muna da taku na 'yan tauri, da na mafarauta, da na maƙera, da na manoma ranar gayya, kowanne da abin da ya ke faɗi, kuma babu wanda zai sa uba ya sunkuyar da kai gaban 'ya'yansa.

Dubi ma gaɗar 'yan mata. Su kan tsaya kamar rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta fito tsakiya, ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, sauran su tare ta su cilla ta sama. Ba ta waiwaya, don ta amince ba za su bar ta ta sha ƙasa ba. Yanzu a ce mai tsara rawa yana da labarin amarya da ƙawayenta, ɗaya daga ciki ta ci amanarta. Ya sa a yi gaɗar nan a farkon wasa kowa ya tare. A kusa da ƙarshe a sake yin ta, amarya ta faɗo, hannu ɗaya ya janye. Ba sai an ƙara ko kalma ba, kuma matan Rafin Guza da na Kawo, waɗanda su ka yi wannan wasa da ƙuruciya, za su riga kowa ganewa.