Joel na The Last of Us: Mutumin da Na Kasa Tsana

Duk wanda bai buga The Last of Us ba, kuma yana da niyya, ya dakata a nan, domin zan fasa ƙwan labarin gaba ɗaya. Ba yadda za a yi in yabi wannan wasa yadda ya cancanta ba tare da na shiga ɗakin tiyatar nan na Salt Lake City ba.

Kamfanin Naughty Dog ne ya fitar da shi a watan Yunin 2013 a kan PlayStation 3, Neil Druckmann ya rubuta labarin. Wani naman gwari mai suna Cordyceps, wanda a zahiri ƙwari irin su tururuwa yake kamawa, ya tsallako jikin ɗan Adam, Amurka ta ruguje. Da Sarah, 'yar Joel, ake fara wasan. Kai ne kake yawo da ita a cikin gida cikin dare tana neman babanta. Kafin ka gama sabawa da ita, wani soja ya buɗe musu wuta, ta cika a hannun uban. Sai labari ya tsallake shekara 20, ka tarar da Joel a Boston ya zama ɗan fasa-ƙwauri, fuska a murtuke, agogon da Sarah ta ba shi yana ɗaure a hannunsa a fashe.

Aikin da aka ba shi shi ne ya kai Ellie, yarinya 'yar shekara 14 wadda cutar ba ta kama ta, wurin ƙungiyar Fireflies, ko a samo rigakafi daga jikinta. Kai, wannan tafiya! Daga Boston zuwa Pittsburgh, zuwa Wyoming, har Utah, kana kallon mutumin da zuciyarsa ta bushe tana sake tsattsafowa a hankali. Ellie tana karanto masa barkwanci daga wani ɗan littafi, shi yana basarwa. Daga baya ya fara yi mata alkawarin koya mata iyo da kaɗa gita. Troy Baker da Ashley Johnson, waɗanda suka hau waɗannan matsayi biyu, sun yi aikin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ga kiɗan Gustavo Santaolalla, 'yan tsirkiyoyi ƙalilan, amma sai ka ji ƙirjinka ya yi nauyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne wasan bai taɓa ɓoye maka ko wane ne Joel ba. A Pittsburgh, da wani ya fito yana ɗingishi kamar mai neman taimako, Joel ya gane tarko ne nan take, kuma da Ellie ta tambaye shi yadda aka yi ya sani, ya nuna mata cewa shi ma ya taɓa zama cikin masu ɗana irin wannan tarko. A lokacin hunturu ya azabtar da mutum biyu don su faɗi inda Ellie take, ɗaya ya faɗa, ya kashe su duka biyun duk da haka. Ka gani da idonka, amma ka riga ka kamu da sonsa, sai ka dinga nema masa uzuri.

Sannan asibitin Fireflies a Salt Lake City. Marlene, shugabar Fireflies, ta gaya masa cewa ba za a samu rigakafin ba sai an buɗe ƙwaƙwalwar Ellie, kuma ba za ta tashi ba. Yarinyar tana sume, ba wanda ya tambaye ta. Joel ya bi hawa-hawa yana karkashe masu gadi har ya tura ƙofar ɗakin tiyata. Likita ya ɗauki 'yar wuƙar fiɗa ya tsaya tsakaninsa da gadon. A nan wasu wasannin za su fito maka da zaɓi biyu, ceton duniya ko ceton yarinya. The Last of Us bai ba ka komai ba. Ko ka kashe likitan, ko ka ajiye wasan. Yatsanka ne zai danna. Wallahi ban taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan a rubutun wasan bidiyo ba. Joel ya ɗauke ta, ya harbe Marlene tana roƙonsa, sannan ya shirga wa Ellie ƙarya cewa akwai irinta da yawa, an ma daina neman maganin. Ta nemi ya rantse, ya rantse.

Jarumi ne ko mugu? Uba ne da aka taɓa raba shi da 'yarsa da sunan kare jama'a, ya ce ba za a maimaita ba. Kuma shi ne mutumin da ya rufe wa duniya ƙofar da watakila ita kaɗai ta rage, ya kuma ƙwace wa Ellie damar yanke hukunci a kan ranta. Duka biyun gaskiya ne, ɗaya ba ta goge ɗaya. Ni dai na san da 'yata ce a kan gadon nan, ban ga abin da zai tsayar da ni a bakin ƙofa ba, kuma wannan sanin ne yake hana ni barci.

Kashi na biyu, wanda ya fito a 2020, ya zo ya karɓi bashin. Likitan nan da ka kashe yana da suna, Jerry Anderson, yana da 'ya, Abby. Joel ya cece ta daga garken masu cutar a kusa da garin Jackson, ita kuma ta kashe shi da sandar golf a gaban Ellie. Na tsane ta kamar in shiga cikin talabijin. Na bi ta da Ellie kwana uku na labarin a Seattle, ina kashe abokanta ɗaya bayan ɗaya, abokan gaba suna kiran sunayen 'yan uwansu idan sun faɗi. Sai kawai aka mayar da agogo baya, aka damƙa mini Abby. Karyar da na kashe da hannun Ellie, Alice, ga ni ina wasa da ita. Ga Abby tana jefa ranta cikin haɗari saboda Lev, yaro daga ɓangaren maƙiyanta, daidai yadda Joel ya yi wa Ellie. Da suka gwabza a bakin teku a Santa Barbara, ina danna madanni ina fatan kada ko ɗaya ta mutu.

Mutane da yawa sun fusata, har wasu suka aika wa Laura Bailey, wadda ta fito a Abby, saƙonnin barazanar kisa, abin kunya ƙwarai. A shekarar 2020 ɗin ta lashe kyautar gwanar wasa a The Game Awards, wasan kuma ya zama gwarzon shekara, kuma sun cancanta ɗari bisa ɗari.

Shirin HBO na 2023, da Pedro Pascal da Bella Ramsey, ya yi kyau matuƙa, ina ba kowa shawarar ya kalla. Sai dai a can kallon Joel kake yi yana harbi. Don Allah a nemi wasan kansa, an sabunta kashi na farko a PlayStation 5 a 2022, ya hau kwamfuta a 2023. A buga na ɗaya, a huta kwana biyu, sannan a shiga na biyu.