Taskar Takardu da Ƙishin Nazari: Sharhi a kan Binciken Tarihin Daular Usmaniyya

Duk wanda ya leƙa fagen nazarin Daular Usmaniyya ta Turkiyya a yau zai tarar da arzikin da sauran fagagen tarihin Musulunci ba su da irinsa. Taskar takardun daular da ke Istanbul tana ɗauke da miliyoyin takardu: kundayen haraji, umarnin fada da rajistocin waƙafi. A kan irin waɗannan ne Ömer Lütfi Barkan da Halil İnalcık, wanda ya rasu a 2016, suka gina tarihin tattalin arziki da mulki. Haka kuma cibiyar İSAM ta fitar da kundin ilimin Musulunci mai mujalladi 44 tsakanin 1988 da 2013, aikin da ya cancanci yabo.

Sai dai yawan takardu ya zo da illa. Tun da aka sauya haruffan Larabci da na boko a 1928, Baturke na yau ba ya iya karanta rubutun kakanninsa sai da horo na musamman. Saboda haka kundayen digiri da yawa suka taƙaita ga kwafe rajistar alƙali ɗaya zuwa sababbin haruffa, da gajeriyar gabatarwa, ba tare da tambayar mene ne hukuncin ya ginu a kansa ba. Kwafewa hidima ce, amma ba ita ce tahkiki ba.

Illa ta biyu ta fi shafar mu. An daɗe ana karanta daular ta bakin magatakardan fada, aka bar malamanta waɗanda mafi yawan fiƙihunsu da tafsirinsu da Larabci suke. Saɓanin da aka yi tsakanin Shaihul Islam Abus Su'ud, wanda ya rasu a 1574, da Imam Birgiwi a kan halaccin waƙafin kuɗi mas'ala ce ta fiƙihun Hanafiyya, kuma ba a fahimtarta daga kundin haraji. Wannan sakaci ne ya raya da'awar cewa ilimi ya daskare bayan zamanin Sulaiman Al-Ƙanuni. Littafin Khaled El-Rouayheb na 2015 a kan ƙarni na 17 ya raunana da'awar, domin ya nuna bunƙasar mantiƙi da ilimin munazara a lokacin.

Akwai kuma shingen harshe. Mafi yawan binciken da Turkanci yake fitowa, mafi tasirinsa kuma da Ingilishi, a littattafai masu tsadar da ɗalibinmu ba ya iyawa.

Mu ma muna da laifi. Amsoshin da fadar Sultan Murad na Uku ta aika wa Mai Idris Alooma na Borno suna cikin kundayen Istanbul, B. G. Martin ya yi nazarinsu tun 1972. Muna karanta tafsirin Abus Su'ud, muna duba Kashfuz Zunun na Katib Calabi, amma ba mu san makarantun da suka haife su ba. Ɗalibinmu da ya ƙware a Larabci da fiƙihu yana riƙe da abin da fagen yake nema. Abin da ya rage masa shi ne koyon Turkancin Usmaniyya, kuma wajibin sassanmu ne su buɗe masa wannan ƙofa. Allah Shi ne Masani.