Jirgin da bai iso Kurfai ba: sharhi kan fasahar ƙananan jirage da baje kolinsu

A ƙasashen Turai akwai wata fasaha da mutanen Hausa ba su cika jin labarinta ba. Magidanta, har da masu furfura, sukan share shekaru suna gina ɗan ƙaramin layin dogo a kan tebur, da tasharsa da gadojinsa da duwatsunsa, su sa masa lantarki, ɗan jirgi ya riƙa zagayawa. Sukan kafa ƙungiyoyi, su kama zaure sau ɗaya a shekara, jama'a su biya kuɗi su shiga kallo. Wanda ya tashi a Filinge zai iya cewa wannan wasan yara ne da manya suka ƙwace. Amma duk malamin da ya taɓa ganin yaro yana jan motar kara a bakin kasuwar Lahadi ya san cewa Kurfai ma tana da irin tata fasahar, kuma kwatanta su biyu zai nuna abin da kowace take da shi da abin da ta rasa.

Ginshiƙin fasahar Turai shi ne awo. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira H0, inda ake rage kowane abu sau 87. Faɗin layin dogo na mita 1,435 yakan koma milimita 16,5, mutum kuwa ya koma kimanin santimita biyu. Kamfanoni irin su Märklin na Jamus da Hornby na Ingila suna ƙera kawunan jirage da taragu a kan ma'aunai sanannu, mai gini kuma ya ƙara da nasa aikin hannu. Mafi shahara a wuraren nuni shi ne Miniatur Wunderland na birnin Hambag, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Tsawon layinsa ya haura kilomita 16, ana kuma sauya dare da rana da fitilu kowane minti 15.

Sai dai awo kaɗai ba ya yin gwani. Tsakanin Yamai da Doso akwai kimanin kilomita 140. In aka rage su sau 87, sai an sami tebur mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi. Saboda haka dole mai gini ya zaɓa, ya ɗauki tasha ɗaya da gada ɗaya ya bar saura. A wannan zaɓin ne ake gane tunaninsa, a nan ne kuma raunin yawancin ayyukan yake. Da yawa daga cikinsu begen zamanin jirgin gawayi ne: ƙauye tsaf, jirgi a kan lokaci, babu leburan da ya haƙa ƙasa, babu wanda aka tasa daga gonarsa don layi ya wuce. Idon mai kallo yakan ƙoshi, amma an tsame wahala daga cikin tarihin.

Yaron Kurfai ba ya riƙe da ma'auni. Kayan aikinsa su ne karan gero ko na dawa bayan girbi, da ƙayar aduwa a madadin ƙusa, da sakaina ko tsohon silifa don ƙafafu, da gwangwanin tumatir, da waya, da robar taya. Yakan feƙe ɓawon kara ya soka shi cikin totuwa, har gangar mota ta tashi. Ƙafafun kan fi ƙarfin jikin, sitiyarin kuma dogon kara ne da ya kai masa ƙirji. Abin da yake da shi, wanda ba a saye a kanti, shi ne lura. Babbar motarsa takan jirkice gefe guda saboda lodi, da buhuna a sama, da ɗan kamasho a rataye a baya, kamar dai waɗanda ke ɗaukar dabbobi daga Filinge su bi ta Baleyara zuwa Yamai. Ba ya ɓoye lodin da ya wuce kima, domin a wurinsa lodin shi ne motar.

Jirgin ƙasa kuwa ba ya cikin abin da yaron ke ƙerawa da kansa, don bai taɓa isowa Kurfai ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Wanda ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, kuma ko da aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCBN a 1959, kayan Nijar a mota suke ƙarasa tafiya. A 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai, a Janairun 2016 aka yi bikin layin Yamai zuwa Doso wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, mai faɗin mita ɗaya. Rikicin shari'a a Benin ya tsayar da aikin, layin bai haɗu da Paraku ba. A 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Fiye da shekara ɗari ke nan jirgi yana bakin ƙofa.

Duk da haka Kurfayawa sun san jirgi tun da daɗewa, ta hanyar ƴan ci-rani da suka je Kano da Kumasi da Ankara. Akwai ma shaida mai ƙarfi. Wajajen 1925 ne Babule, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, suka ɓulla a wannan ƙasa, ana danganta farkonsu da Cikal da wata mata mai suna Shibo. Iskokinsu sun ɗauki kamannin gwamna da kwamanda da soja, hukumar mulkin mallaka ta kama mabiyan ta ɗaure. Da Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a kusa da Ankara, wanda ya fito a 1955, an ga direban jirgin ƙasa a cikin iskokin da suka hau. Ba sai mutum ya yarda da bori ba kafin ya gane darasin: mutanen sun dubi injin da ya fi ƙarfinsu, suka kwaikwaye shi da jikinsu don su fahimce shi. Wannan kwaikwayo ne mai ɗauke da tsoro da ba'a da sharhi.

A nan ne ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su yi hattara. Idan aka ce wa ɗalibi ya ƙera jirgi daga hoton littafi, aka ba da kyauta ga wanda ya fi kama da hoton, to an ɗauko raunin Turai an bar ƙarfinta, an kuma kashe lurar yaron. Haka nan in aka jera kayan a tebur aka hana taɓawa. Motar kara ba ta cika mota sai an ja ta, kamar yadda masu nuni a Turai ba sa ajiye jirgi a tsaye. Suna bin jadawali, suna amsa tambayar ɗan kallo. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya riga ya nuna hanya tun da ya zaunar da maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a idon jama'a.

Akwai kuma darasin ɗorewa. Ƙungiyar Warley ta Ingila ta yi shekara 30 tana shirya babban baje kolinta a zauren NEC na Bamingham, sai a Janairun 2024 ta sanar da cewa ta daina yin sa a can, babban dalili kuwa shi ne masu aikin sa kai sun tsufa, matasa ba su maye gurbinsu ba. Matsalar Kurfai ta juya ne: can tsofaffi ne ba magada, nan yara ne ba masu riƙe musu. Da zarar yaro ya shiga kwaleji sai a ce ya girmi wasa, motar roba mai arha ta maye gurbin ta kara a hannun ƙanensa. Rashin tsaro da ya rufe makarantu masu yawa a jihar Tilaberi ya ƙara rage wuraren da babba zai zauna da yaro a kan aikin hannu.

Baje kolin da ya dace da wannan ƙasa ba ya bukatar lantarki. Lokacinsa kaka ne, sa'ad da kara ya wadata, ranarsa kuma ranar kasuwa. A rubuta sunan kowane mai ƙira da garinsu da kayan da ya yi aiki da su, da Hausa da Faransanci. Malamin lissafi ya koyar da ragi da ma'auni a kan motar da yaron ya riga ya ƙera. Malamin tarihi ya gayyato dattijon da ya taɓa hawa jirgi daga Kano ko Kumasi, ya ba da labari, yaran su gina tashar da suka ji: mai sayar da ƙosai, da ɗan dako, da matafiyin da ya kwana uku yana jira. Alƙalai su auna abu uku: ko yana tafiya, ko yana da ƙwari, da abin da ya gani wanda wani bai gani ba. Bayan an watse kuma a adana mafi kyau a gidan samari da al'adu, kada a bar wa gara da awaki.

Ko jirgi ya iso Kurfai ko bai iso ba, ƙasar za ta bukaci masu gyaran inji da masu zana gada, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya gano da kansa yadda ƙafa ke juyawa a kan sanda ya riga ya fara wannan karatu. Abin da ya rage shi ne babba ya tsuguna kusa da shi ya tambaye shi yadda ya yi.