Tsatsa da Ƙura a Jikin Ƙaramin Jirgi: Nazarin Fasahar Ƙera Samfurin Layin Dogo

Da zarar an kammala girbin dawa a ƙauyukan Bebeji da Kiru, kara ya bushe, sai yara maza su shiga wata sana'a da ba a koyar da ita a aji. A ɓare ɓawon kara, a yayyanka totuwa, a sossoke a haɗa, kafin la'asar an fitar da mota mai ƙofa da madubi. Waɗanda suka fi wayo su nemo gwangwanin madara da waya da langa-langa, su yanko tayoyi daga tsohon silifa. Ba abin rainawa ba ne. Yaron da ya ƙera tirela har da wurin ajiye safaya ya daɗe yana kallon tirelolin da ke tsayawa a Kwanar Ɗangora, ya haddace su kamar karatu.

Akwai wata al'ada 'yar uwar wannan a Turai da Amurka da Japan, amma a can ta manya ce, har da masu furfura. Mutum yakan ware ɗaki guda ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo, ya gina masa tasha da gada da duwatsu da gonaki, ya sa ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki suna kaiwa suna komowa. Kamfanin Märklin na Jamus ne ya fara daidaita faɗin irin waɗannan layuka a 1891, sannan Frank Hornby na birnin Liverpool ya fito da nasa jiragen masu wani a 1920. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne HO, inda ake rage komai sau 87. Mutum mai matsakaicin tsawo yakan dawo kamar santimita 2, kuka mai tsawon mita 20 ta dawo santimita 23. A birnin Hambug akwai Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, jama'a na biyan kuɗi don su shiga kallo.

Abin da ya raba al'adun biyu ba kuɗi ba ne kawai, ba kuma shekaru ba. Yaronmu sabuwar mota yake ƙerawa. Motar da yake burin mallaka ce, saboda haka ba zai sa mata lamba ko tsatsa ba. In ya samu fenti ma ƙara mata ƙyalli zai yi. Shi kuwa gwanin samfurin jirgi, da ya ciro sabon tarago daga kwali, abin da zai fara yi shi ne kashe masa ƙyalli, ya bi shi da ƙura da tsatsa da baƙin mai har sai ya yi kama da wanda ya shekara talatin yana dako. Wanda bai san dawan garin ba zai ce ɓarna ce. Ni a ganina nan ne fasahar take, domin a nan wasa yake komawa shaida.

Mutumin da aka fi dangantawa da yaɗa wannan salo shi ne John Allen, wani mai ɗaukar hoto da ya zauna a Monterey ta jihar Kalifoniya. Sana'arsa ta koya masa cewa kyamara ba ta rufa wa roba asiri: duk kyan samfuri, in yana walƙiya, hoto zai tona cewa kayan wasa ne. Sai ya riƙa tsofar da gine-ginensa da taragunsa, yana karya gilashin taga, yana sa kwanon rufi ya lotsa. Ya rasu a Janairun 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye layin nasa. Hotunan da ya bari su ne suka ci gaba da koyar da mutane.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana tsinka fenti sosai a shafa, ya gangara ya kwanta a lunguna da gindin ƙusoshi. Ana tsoma buroshi a fenti a goge shi har ya kusa bushewa, sannan a shafi gefuna don su fito kamar inda hannu da kaya suka goge. Ana niƙa alli mai launi a barbaɗa, a ƙarshe a fesa wani siririn ruwa marar ƙyalli da zai riƙe komai. Kowa zai iya koyon wannan cikin ɗan lokaci. Abin da yake da wuya shi ne ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa: kowane tabo dole ya kasance da dalili. Tsatsa tana farawa ne inda ruwa yake kwanciya ko inda fenti ya kankare, ta gangara ƙasa. Mai yana tsiyaya daga inda ake zuba shi. Ƙura tana taruwa inda iska ba ta share ta. Wanda ya watsa jan fenti barkatai ya ɓata tarago ne kawai, bai tsofar da shi ba.

To, in wani ɗan Kiru ya ce zai ƙera layin da ya ratsa ƙasarsu, me zai gani?

Layin tsoho ne. An fara shi daga Baro a 1907, zamanin Gwamna Girouard, ya iso Kano a 1911, kuma shi ne ya buɗe cinikin gyaɗar da ya kai ga dalar gyaɗa. Daga Zariya yakan shigo ƙasar Kano ya bi ta Ɗangora da Yako da Madobi da Challawa. Faɗinsa milimita 1,067, ya fi na Turai ƙanƙanta, wanda yake 1,435. Tun daga nan matsala ta fara ga mai sayen kayan kanti, domin ƙaramin layin HO na milimita 16.5 an yi shi ne don kwaikwayon faɗin Turai. In aka ɗora taragon Nijeriya a kai, ƙafafun za su yi masa faɗi, wanda ya san jirginmu zai ga abin bambarakwai ko da bai iya faɗin dalili ba. Masu wannan sha'awa a New Zealand da Ostareliya, waɗanda ke da layuka masu faɗi irin namu, sun warware ta ta hanyar ƙera jirgin a ma'aunin 1 cikin 64 a kan wannan layin na 16.5. Wata hanyar ita ce a tsaya a 87 ɗin a nemi layi mai milimita 12.

Sai maganar launi, wadda ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Littattafan koyar da tsofar da tarago yawancinsu an rubuta su ne a ƙasashen ruwa da hayaƙin kwal. Tsufan jirginsu baƙi-baƙi ne, mai danshi, ga gansakuka a rufi, ga sawun ruwan sama a jiki duk shekara. Namu ba haka yake tsufa ba. Rana ce take fara cin sa. Koren fentin Hukumar Jiragen Ƙasa, wadda aka kafa a 1955, yakan koɗe ya yi fari-fari, rawayan ya dusashe, rufin ya fi ko'ina koɗewa saboda shi ke kallon sama. Hunturu ya zo da ƙurarsa mai laushi, wadda mafi yawanta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Wannan ƙura ba ja ba ce, toka-toka ce mai ɗan haske, tana kwanciya a kan duk abin da yake shimfiɗe. Jan kuwa daga ƙasa yake tasowa: damina ta sauka, ƙafafun jirgi su fantsama jan taɓo a ƙasan tarago, rani ya gasa shi ya kama. Saboda haka taragon da ya shekara yana zirga-zirga tsakanin Zariya da Kano launi biyu yake ɗauke da su, sama fari-fari, ƙasa ja, tsatsarsa kuma busasshiya ce mai duhu, ba mai jiƙa ba. Wanda ya bi umarnin littafin Ingila zai fitar da tarago mai kyau, amma na wata ƙasa.

Haka abin yake ga ƙasa da itatuwa. Ciyawar roba da ake sayarwa a leda kore shar take, irin ta makiyayar Turai. Mai ƙera karkarar Bebeji dole ya fara yanke shawarar wane wata yake nunawa, domin Agusta da Fabrairu kamar ƙasashe biyu ne. In rani ya zaɓa, yana bukatar kunyoyi tsirara da kututturen kara, da tarin kara a jingine, da gamba da ta bushe a gefen dogo, da baƙin wurin da aka yi ƙuna. Kuma karkararmu ba daji ba ce, ba fili fetal ba ce. Gona ce da aka bar wa itatuwa masu amfani jefi-jefi: ɗorawa mai faffaɗan kai, kaɗanya, tsamiya, mangwaro kusa da gari, kuka tsirara ba ganye, gawo kuwa da ganyensa a lokacin da kowa ya zubar. Wanda ya sa wa gawo ganye a samfurin damina ya nuna bai taɓa riƙe fartanya ba. Ana murɗa siraran wayoyin lantarki a yi gangar jiki da rassa, a shafe da gam da garin katako, a yi ganye da soson katifa da aka niƙa aka rina. Zaren buhun algarara yana ba da busasshiyar ciyawa fiye da duk abin da za a sayo daga waje. Ƙasar kuwa gara a ɗebo ta ainihi daga wurin, amma a tankaɗe ta da rariya mai laushi ƙwarai, domin ƙwayar yashi mai milimita 1 a wannan ma'auni dutse ce mai kusan santimita 9.

Ginin ƙasa shi ma yana da nasa tsufan. Katanga takan zaizaye daga gindi inda ruwa ke fantsama, yaɓe ya ɓamɓare tubali ya leƙo, ƙarƙashin indararo ya yi kwari. Kwanon rufi ba ya yin tsatsa gaba ɗaya. Falle-falle yake yi, wani ja wur, na kusa da shi sabo saboda iskar bara ta yaye na da.

Wannan al'ada tana da nata cututtuka, kuma bai kamata a ɓoye su ba. Ta farko zarce gona da iri. Tun da aka gane tsatsa tana burge mai kallo, wasu suka mayar da kowane tarago kamar an tono shi daga juji. Wannan ya fi zama haɗari ga mai ƙera abin Afirka, domin akwai idon da ya riga ya saba ganin komai namu a lalace, kuma yana da sauƙi mutum ya ƙera abin da wannan idon yake so. Tashar Ɗangora ta zamanin gyaɗa wurin aiki ce mai ma'aikata da tsari. Wanda ya zaɓi wancan zamani ya cika ta da kango ya yi ƙarya, daidai da wanda ya zaɓi yau ya goge ta fes. Cuta ta biyu begen zamanin da, wanda yake share wahala daga hoto. Layin Baro an gina shi da gumin talakawan da aka tara ta hannun sarakuna, da yawansu ba da son ransu ba, buhunan gyaɗa kuma a ka aka ɗauke su. Samfurin da ya nuna jirgi da itatuwa ya manta da hanyar da 'yan dako suka taka har ta zama turba bai cika ba.

Nan wata tambaya take tasowa wadda Bature ba ya fuskanta. Samfuran Turai cike suke da ƙananan mutum-mutumi, alhali malamanmu da yawa suna hana sassaƙa surar mai rai, kuma mai ƙira a Tudun Wada zai so ya kiyaye. Ban ɗauki wannan a matsayin naƙasu ba. Ana iya nuna mutane ba tare da an ƙera su ba: buta a bakin masallacin tasha, tabarma a inuwar darbejiya, keke a jingine, tarin rake, murhun mai shayi da baƙin hayaƙi a bango. Ai tsofarwar ma kanta ba komai ba ce illa nuna sawun hannu da ƙafa a jikin abu.

Tudun Wada da Doguwa ba su da layin dogo, amma wannan bai fitar da su ba. A cikin al'adar akwai masu ƙirƙirar layin da bai taɓa wanzuwa ba, kamar yadda John Allen ya yi, da sharaɗin ƙasar ta yarda da shi. Duwatsun Riruwai da tsofaffin ramukan kuzarsu sun isa dalili, tunda saboda kuzar Jos aka shimfiɗa siririn layin nan mai faɗin ƙafa biyu da rabi daga Zariya, wanda aka rufe a 1957. Wanda ya ƙaga reshe daga Ɗangora ya ratsa gonakin shinkafar Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Riruwai zai tarar ƙasa tana sauya masa launi a hanya: itatuwa su ƙara yawa da tsawo, ja ya ragu, baƙin dutse ya fito.

Duk da haka, salon da na fi so a ɗauka a nan shi ne na Roye England, ɗan Ostareliya da ya je Ingila ya ga gidajen karkara masu rufin ciyawa suna ɓacewa, ya bi su yana aunawa yana ɗaukar hoto, ya kafa gidan tarihi na Pendon a 1954 don ya ajiye kamanninsu a ƙaramin ma'auni. Muna cikin irin wannan lokaci. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layi mai faɗin 1,435 daga Kano zuwa Kaduna, kuma in ya fara aiki hankali zai ƙara barin tsohon. Samfuran da muke gani a ofisoshi na 'yan kwangila ne, farare tas a cikin gilashi, suna nuna abin da aka yi alkawari. Ba na jin an damu da ajiye kamannin abin da ya riga ya yi aiki fiye da shekara ɗari. Gwanintar hannu tana nan a wurin yaran da ke ƙera motar gwangwani da ɗaliban kwalejojin fasaha irin ta Bagauda. Abin da ya rage shi ne wani malamin zane ko na aikin katako ya kwashe su da tef da littafi da wayar ɗaukar hoto zuwa Yako ko Ɗangora, su auna tsawon dandamali da faɗin taga da tazarar ƙarafan da ke ƙarƙashin dogo, su ɗebo ƙasar wurin a leda, su tambayi tsofaffin ma'aikatan reluwe wane launi aka shafa wa ofishin mai tasha a zamaninsu.